Zuwa ga Kabiru, a kan mai sunan Malam

Kabiru,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, na kuma san takardar nan ba za ta fita daga ɗakina na unguwar Waziriyya a nan Jidda ba. Amma da kai kaɗai na saba maganar yaron nan, ban iya yin ta da kowa ba, shi ya sa na ɗauko biro. Ina fata makwancinka ya yi maka sauƙi. Matarka Zainab ta ce ranar da aka kai ka makwanci a can Kanada, ƙasa ta daskare, sai da aka kawo mota mai haƙa. Na daɗe ina tunanin wannan. Kai da ko ruwan safe aka yi a Ringim sai ka nemi bargo, kai ne aka sa a cikin ƙanƙara.

A gida kowa lafiya. Gwiwar Yaya Hajara ta matsa mata, a zaune take salla yanzu, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Soron mahaifinmu Malam ya zube da daminar da ta wuce, ba a tayar ba, kowa yana jiran wani ya fara. Gorubar bayan gida ma babu ita, waɗanda suka sayi filin sun sare. An yi zaman makokinka a ƙofar gida, mutane sun zo har daga ƙauyuka, ana ta yi wa juna gaisuwa ba gawa ba kabari. A nan kuma Bakur ne ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar shagonsa. Ka tuna shi? Mai tsiren nan na unguwar Ammariyya, haifaffen Jidda, wanda ya cika ka da yaji lokacin da ka zo Umara har ka ce zai kashe ka. Ya yi kuka da ya ji. Ni ban yi ba sai da na koma ɗaki.

Nawa labarin gajere ne. Aiki ya ƙare. Kafili, uban gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi, ya yabe ni, sannan ya ce ba za a sabunta kwantiragi ba, ɗan ƙasa za a sa a kan injinan sanyi. Ban ga laifinsa ba, ƙasarsu ce, 'ya'yansu ma suna neman abin yi. Sama da shekara ashirin ina tsare ɗakunan sanyi na unguwar Khumra kada lemon wasu da tuffar wasu su lalace, yanzu an buga mini huruji, hatimin fita ba dawowa. Na ɗaure kayana, ba su cika akwati biyu ba.

Ba wannan ne ya zaunar da ni ba, Kabiru. Yaron ne. Ya daina ɗaukar wayata.

Bari in faro daga inda ka sani, ko zan ga wurin da abin ya karkace. Da mahaifiyarsa Binta ta rasu ta bar shi yana ɗan ƙarami, ni ga takardar tafiya Jidda a hannu, kai da Zainab kuna Kanada Allah bai ba ku haihuwa ba. Inna ce ta yanke, ta ce a ba Kabiru. Wa yake buɗe baki a kan ɗan farinsa a gaban mahaifiyarsa? Ga shi kuma sunan Malam aka sa masa. Nauyi biyu ke nan a kaina, ɗan fari ne, kuma mai sunan ubana. Ku kuna ce masa Abba, ni ko Abban ba na faɗa. In ta kama sai in ce yaron nan, ko ɗan naka, ko mai sunan Malam. Haka Malam ya yi wa Yaya Hajara har ya koma ga Allah, ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, kuma ba ta taɓa shakkar cewa ita ce 'yar gaban goshinsa ba. Mu da muka tashi a gidan mun san yadda ake karanta shirun uba. Na ɗauka shi ma zai iya.

Sai ka fara kira kana ba ni labarin besbol. Wallahi da farko na zaci wani abu ne kamar langa, wasan yara da za su bari in sun yi hankali. Ka zauna ka bayyana mini. Ka ce ɗaya yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani yana jira da kulki ya maka ta, in ya same ta ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu. Ka ce duk wasan a hannun mai jifan yake, kuma yaron nan mai jifa ne. Na ce to, Allah ya sa kada ya hana shi karatu. Ka yi dariya ka ce in tsaya tukuna, ai ban ji babban labarin ba, bahago ne.

Ka san abin da wannan ya yi mini. Kana nan lokacin da Inna take ɗaure mini hannun hagu da zane in za a ci tuwo. Kana nan lokacin da malamin aji yake buga mini rula a bayan yatsu har na koma rubutu da dama, irin wannan rubutun kazar da kake gani. Abu ɗaya suka kasa raba hannun da shi, jifa. Ni nake kaɗo mana goruba, kai kana tsincewa. Ka ce a can bahagon mai jifa kamar zinariya yake, masu horarwa har rububinsa suke yi, domin ƙwallonsa tana zuwa wa mai kulki ta inda bai saba gani ba. Hannun da aka yi ta duka a jikina, shi ake yi wa layi a jikinsa. Ka turo mini bidiyonsa na farko, na kalla a bayan sito lokacin hutun rana. Ya ɗaga gwiwa, ya ciji leɓen ƙasa, ya saki. Kabiru, ni ne. Har cizon leɓen. Na kashe wayar na koma cikin sanyi na daɗe ban fito ba. Da ka tambaye ni ya na gani, na ce maka ba laifi. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ban taɓa gaya maka ba, akwai ranar da na ɗauki ruɓaɓɓen lemo daga kwandon zubarwa, na duba babu kowa, na auna jikin kwantena na wurga da hagu. Ya fashe daidai inda na nufa. Kafaɗar ta yi mini ciwo har sati ya zagayo, amma na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Kai kuwa ka zama malamin tarihin wasan. Mutumin da ya je karatun noma. In ka kira ba ka barin in tambayi lafiyar Zainab sai ka fara. Wai mutanen Kanada sun ce su ma tun zamanin kakannin kakanninsu suke buga shi, ba a bayan Amurka suka tsince shi ba, amma duk wanda ya iya a cikinsu sai ya tsallaka iyaka ya ci abinci a ƙasar maƙwabta, a riƙa kallonsa kamar baƙo. Wai lokacin zafinsu gajere ne, rabin shekara fili yana ƙarƙashin ƙanƙara, yara a cikin zaure suke koyon jifa, yawancinsu ma wasan sulɓi a kan ƙanƙara suke tafiya, shi ya sa 'yan besbol ɗinsu ba su da yawa, kowane ɗaya ana ji da shi. Ka ba ni labarin garin da aka ɗauke musu babban kulob aka kai Amurka, har yau tsofaffi suna yawo da hular kulob ɗin da babu shi. Ka ce lokacin da Amurka ba ta yarda baƙaƙen fata su yi wasa da farare ba, a wani birnin Kanada aka fara gwada baƙar fata, mutanen garin suka rungume shi. Amma ba ka ɓoye ɗaya gefen ba. Ka ce a Kanadan ne kuma wasu baƙaƙe suka yi ta cin wasa ana hana su ɗakin kwana a garuruwan da suka je, kuma a can ne aka watsa wani kulob na jikokin Japanawa lokacin yaƙi, aka kwashe su zuwa sansani. Har wani ɗan gidan tarihi ka kai yaron, a wani ƙaramin gari, ka ɗauke shi hoto a gaban rigar wani baƙar fata da ka ce yana cikin manyan masu jifan da ƙasar ta taɓa haifarwa. Ka ce masa ga layin da zai shiga.

Ina jin ka, ina cewa i, i. A raina kuwa ina cewa, to mu namu layin fa?

Na gaya wa Bakur wannan tarihin wata rana yana juya nama. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya goge hannu ya ce shi kakansa da ƙafa ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa, ubansa a Ammariyya aka haife shi, shi ma haka, amma har gobe sabunta iƙama, takardar zaman baƙi, yake yi. Ga ɗana ya je jiya jiya, an liƙa masa ganyen tutarsu a ƙirji ana cewa namu ne. Ya ce in gode wa Allah in rufe baki. Gaskiyarsa. Ba zan zagi ƙasar da ta karɓi yaron da ba uwa ta ce nata ne ba. Ta ba shi wuri, ni ban ba shi ba. Sai dai duk wanda ya ba ka wuri, da nasa hannun yake sake ƙera ka.

Akwai bidiyon da ban taɓa yi maka maganarsa ba. Zainab ce ta ɗauka daga cikin 'yan kallo, ranar da ya fara wasa a matsayin wanda ake biya, a ɗan ƙaramin kulob ɗin nan da suke yini a mota daga gari zuwa gari. Kana tsaye a kan benci, ka cire hula kana kaɗawa, kana kwarara sunan Malam da iya ƙarfinka kamar mai kiran ɗan garuwa. Na ce Kabiru ya lalace. Daga baya na sake kalla, na ga yaron ya waiwayo ya neme ka da ido, ya same ka, ya taɓa bakin hularsa. Sai na gane ba haushin rashin kunyarka nake ji ba. Kishi ne. Kishinka nake yi, ƙanena, tun ranar, kuma ban fasa ba har ka mutu. Ga shi na faɗa.

Abin dariyar shi ne, babu wanda yake jin sunan nan a kullum kamar ni. Ka san Larabawa, su da ɗan fari suke ado. Satin da na fara aiki shugaban sito ya tambaye ni sunan babban ɗana don su san yadda za su kira ni. Na yi ta kame-kame, na ce sunan mahaifina ne da shi. Ya karɓi iƙamata ya duba, ya ɗaga murya ya ce daga yau ni ne Abu wane, wato uban wane. Shi ke nan ya bi ni. Direbobi, masu dako, mai shagon burodi, limamin unguwa, kowa. Sama da shekara ashirin ana kirana da sunan ɗana ina amsawa, har in an ce Aminu sai na yi jim kafin in gane da ni ake. Ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye maka ba. Wasu suna faɗa a madadina, ni ban karya komai ba.

Sai ka tafi, ba sallama. Zainab ta ce ka fita share ƙanƙarar ƙofar gida ne ka zauna a kan matakala, shi ke nan. Kafin in fara maganar biza an riga an rufe ka. Yaron ne ya kira ni da kansa, karo na farko da muka yi magana ba ka tsakani. Da can kai kake miƙa masa wayar, ya ce Baban Jidda ina wuni, in ce lafiya lau, ya karatu, ya ce lafiya, ka karɓe. Ranar yana kuka yana haɗa Hausa da Turanci, ni kuma na yi masa abin da na iya. Na ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ka riƙe mamanka. Na ji yana jira, Kabiru. Na ce to, sai an jima.

Da lokacin wasa ya dawo aka ɗaga shi zuwa kulob na gaba, mai babban fili. Zainab ta kira ta ce suna da wata al'ada a can, akwai ranar da ake karrama iyaye maza. Uba yana shiga fili ya yi jifa da cafkewa da ɗansa kafin a fara, wanda ubansa yake nesa kuma sai a ɗauko gajeren bidiyo a nuna a babban allon fili, uban ya faɗi ko shi wane ne, ya kira ɗansa, ya yi masa fatan alheri. Ta ce shekarun baya kai kake shiga. Ta ce bana da aka tambayi yaron ko a tsallake shi, sai ya ce a'a, yana da uba a Jidda.

Ka ji fa. Shi ya faɗa da bakinsa.

Na yi aski, na sa farar shaddata da hular da ka aiko mini, na je wurin Bakur bayan La'asar ya riƙe mini waya. Tun a mota nake maimaita abin da zan ce. Da ya ɗaga wayar ya ce yalla, in fara, sai na ga fuskarka. Na ga mutumin da ya yi masa wanki, ya kai shi makaranta cikin ƙanƙara, ya tsaya a zaure mai sanyi yana cafke masa ƙwallo har tafin hannunsa ya kumbura. Ko shekara ba ka yi a ƙasa ba, matarka ba ta daɗe da fita takaba ba. In fito a gaban dubban mutane in ce nawa ne? A gidanmu wa ya taɓa yin haka? Wanda ya ba da riƙo ba ya zuwa karɓa ranar da mai riƙo ya faɗi, sai a ce dama jira yake. Kara na so in yi maka. Na so Zainab ta ji cewa ba a ƙwace mata komai ba. Sunan kuma ya zo mini nan, iya maƙogwaro, ya tsaya.

Ga abin da na ce, ban ƙara ban rage ba: “Ni ne Aminu, yayan marigayi Kabiru. Wannan yaro ɗan Kabiru ne, shi ya yi wahalarsa. Allah ya jiƙan Kabiru, Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba shi sa'a.”

Bakur ya sauke wayar ya dube ni. Ya ce in sake. Na ce haka ya dace. Zainab ma da ta gani ta kira tana kuka, ta yi ta godiya, ta ce Yaya ka yi mana kara, amma ko za ka ƙara ko kalma ɗaya saboda Abba? Na ce a bar shi haka, zai gane. Ita ta fassara musu zuwa Turanci, kuma ba ta canza maganar babba ba, ba zan ga laifinta ba. Tarbiyyar da aka yi mata ke nan, irin tawa.

Washegarin wasan na kalla, a bayan sito, inda na saba. Aka nuna uban wannan yana ihu, uban wancan yana share hawaye yana cewa ɗana, ɗana. Sai ga ni, ƙato a kan allo, fuska a murtuke kamar mai ba da shaida a kotu. A ƙarƙashin hotona sun rubuta abin da suka fahimta daga maganata, wai baffansa ne daga Saudiyya. Mutane suka tafa, tafin ladabi. Mai ɗaukar hoto ya juya kan yaron. Yana tsaye a bakin layi da hula a ƙirji, ya ɗaga kai yana kallon allon, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin amsa kira. Har aka cire hotona yana nan a haka. Sannan ya mayar da hular ya ja ta ƙasa sosai, ya hau tudunsa. An ce ya yi jifa mai kyau ranar. Ban iya kallon sauran ba.

Saƙonsa ya shigo da yamma. Murya ce, da Hausarsa mai tsami, kalma uku.

“Na gode, Baffa.”

Tun yana koyon magana Baban Jidda yake ce mini. Kai ka koya masa. Yanzu ya mayar da ni inda na ajiye kaina.

Na kai wa Bakur ya ji. Bai tausaya mini ba ko kaɗan. Ya kira ni da sunan nan da suke kirana, da ƙarfi har masu jiran tsire suka waiwayo, ya ce wallahil azim ni majnuni ne, shi ubansa daga ƙarshen lungu yake kwaɗa masa kira kuma sama ba ta faɗo ba. Ya ce in kira yaron in faɗi sunan, shi ke nan, mene ne a ciki, harafi nawa ne? Na ce shi Bakur ba zai gane ba, Balarabe ne da baƙar fata. Ya ce to ni kuma Bahaushe ne da ba ɗa. Ya ga yadda fuskata ta yi, ya tura mini tsire a takarda ya ce ma'alesh, wai in yi haƙuri. Ban ci ba.

Na kira. Na sake kira. Tana shiga, ba a ɗauka. Zainab ta ce ta zaunar da shi ta yi masa bayanin ɗan fari, da na mai suna, da na kara. Ya saurare ta har ta gama, domin ka ba shi ladabi, wannan kam ka ba shi. Sannan ya ce ya ji, al'ada ce mai kyau, amma shi sau ɗaya ya roƙa a duk rayuwarsa, kuma a gaban abokan wasansa aka ba shi amsa. Ya ce ba fushi yake ba. Da ma fushin ne, Kabiru. Fushi yana hucewa.

Yanzu bari in yi maka nawa ƙorafin, tunda ba za ka iya katse ni da dariyarka ba. Ka koya masa labarin duk wani ɗan Kanada da ya taɓa riƙe ƙwallo. Ya san wanda aka hana ɗakin kwana, ya san waɗanda aka kwashe zuwa sansani, ya san garin da aka raba da kulob ɗinsu. Ya san ciwon mutanen da bai haɗa komai da su ba sai fili. Me ya hana ka zaunar da shi rana ɗaya ka ce masa, ka ga mutumin nan na Jidda da ba ya kiran sunanka, nauyinka ne ya yi masa yawa a baki? Me ya hana ka ba shi labarin Malam da Yaya Hajara? Ko ka ji daɗin zama kai kaɗai ne mai kira ya waiwayo? Ka yafe mini, amma na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba.

Sai kuma in tuna sau nawa ka ce mini, Yaya, zamani ya canza, yaran can ba sa jin abin da ba a faɗa ba. Sau nawa ka ce in zo ko sau ɗaya in zauna a benci. Na ce aiki, na ce biza, na ce kafili. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ne ba. Tsoro nake kada in je ya waiwayo ya neme ka ina zaune kusa da kai. Ashe ka faɗa masa abin da za ka iya, sauran nawa ne. Kuma ban taɓa ce maka na gode ba. An ɗora maka ɗan wani ka mayar da shi mutum, ni kuwa ko a waya sai dai in ce ya ɗan naka. To na gode, Kabiru. Ka ga, har wannan ma sai da ka mutu na iya.

Kada ka ce ban gwada ba. In na shiga ɗakin sanyi na ƙarshe, wanda injinsa ya fi ƙara, nakan rufe ƙofa in danna wurin ɗaukar murya. In buɗe baki, tururi ya fito, harafin farko ya fito, sai in ji kamar Malam yana tsaye a bayana da buta. In goge. Rannan na kai har ƙarshe, na saurara, na ji muryar wani tsoho yana kiran ubansa da ya mutu, ba uba yana kiran ɗansa ba. Na goge wannan ma. Ko da na aika, me zai ce? An matsa wa Baffa ya yi karatu?

Jibi za a kai ni filin jirgi. Bakur ya ce shi zai kai ni, ya kuma ce har bakin ƙofa zai riƙa kirana da sunan don in tafi da guzuri. Wasa yake yi, amma ya taɓa inda yake ciwo. A Ringim babu mai kirana haka. Can Aminu ne, ko Alhaji, kuma duk wanda ya san ya kamata ba zai ambaci yaron a gabana ba, kunya za su yi mini, irin wadda na yi. Zan zauna a gindin soron da ya zube, cikin mutanen da suka fahimce ni sarai, ba mai faɗa, ba mai tambaya. Shi kuma yana can, filin da ya cika da baƙi yana kiran sunansa, ya shiga layin da ka nuna masa. In Allah ya ɗaukaka shi, wata rana za a rataye rigarsa a ɗan gidan tarihin nan, a rubuta ɗan Kanada ne, ubansa Kabiru ya kawo shi yana ƙarami. Ba za su yi ƙarya ba. Ni na ba su shaidar da bakina.

Na gaji, ƙanena. Hannun daman nan da aka tilasta mini ya gaji da riƙe biro. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka riski Malam da Inna da Binta cikin rahama. In ana haɗuwa a can, ka gaya wa Binta ɗanta ya girma, dogo ne, bahago, yana cizon leɓe in zai yi jifa. Kada ka gaya mata sauran.

Zan sa hannu da hagu, in ga ko shi zai iya abin da baki ya kasa. Ba mai gani sai kai, kai kuma ba ka gani.

Yayanka Aminu,
wanda har zuwa jibi ake kira
Abu Idris